Yadda Mai Azumi Zai Kula da Jikinsa Daga Sahur Zuwa Sahur

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, mai azumin Ramadan yakan kame bakinsa na tsawon awa 13 zuwa 14 a kowace rana, kuma da yake watan yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, mun shafe shekaru muna yin sa a cikin bazara ko a bakinta. A Najeriya an ɗauki azumin 2023 ranar 23 ga Maris, na 2024 ranar 11 ga Maris, na 2025 kuma ranar 1 ga Maris, lokacin da zafin rana a Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Duk da haka, jikin baligi mai lafiya yana iya ɗaukar wannan nauyi ba tare da ya illata ba. Mafi yawan wahalar da ake ɗora wa azumi, irin su ciwon kai da kumburin ciki da ƙwarnafi da kasalar da ke hana mutum tsayuwar asham, tushenta yana cikin abin da ake ci da abin da ake sha tsakanin magariba da asuba. Wahalar da ta fi wannan haɗari kuwa tana samun marasa lafiyar da Allah ya yi wa rangwame, amma kunya ko tsoron bakin mutane ya hana su karɓa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Bayan an kammala sahur, ciki da hanji sukan ɗauki awowi suna narkar da abinci suna tura sukari cikin jini, kuma wannan aiki yakan ƙare cikin kimanin awa takwas. Daga nan sai jiki ya buɗe rumbunsa, wato hanta, wadda take ajiye sukari kimanin giram 100 domin irin wannan lokaci, tana sakin sa kaɗan-kaɗan don kada ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take aiki da shi. Yayin da wannan ajiya take raguwa, sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, yana sauka a jini, jiki kuma ya fara narkar da kitsen da ya tara yana samun ƙarfi daga gare shi. Cin tsokar jiki, wanda wasu suke tsoro, yana faruwa ne ga wanda ya jera kwanaki bai sa komai a ciki ba. Mai azumin Ramadan yana sabunta ajiyarsa kowane dare, don haka ba ya kaiwa wannan matsayi matuƙar yana samun abinci mai gina jiki.

Ruwa ne ba shi da irin wannan ma'ajiya. Jiki yana rasa shi ta fitsari da zufa da numfashi, kuma a busasshiyar iskar ƙasarmu zufa takan bushe tun kafin mutum ya ga ya jiƙe, sai ya ɗauka bai rasa komai ba. Abin da ƙoda take yi shi ne ta matse, ta rage yawan fitsari ta mayar da ruwan cikin jini, shi ya sa fitsarin la'asar yake fitowa kaɗan kuma da duhu. Lafiyayyar ƙoda tana iya yin haka kullum har wata ya ƙare, da sharaɗin a biya ta bashin ruwan da dare. Wanda yake aikin ƙarfi a tsakiyar rana yana iya zubar da zufar da ta kai lita ɗaya cikin awa guda, kuma a nan ne lissafin yake canzawa gaba ɗaya.

Muna cewa goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin salla, amma a wajen jiki kwanaki uku ko huɗu na farko su ne suka fi tsanani, domin a cikinsu ne yake koyon sabon tsari. Wuyar da ake ji a goma ta tsakiya yawanci bashin barci ne da bashin ruwa da suka taru.

Amfanin azumi ga lafiya gaskiya ne, sai dai ya kamata a faɗe shi daidai gwargwadonsa. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna masu azumi sukan rage nauyin kilo ɗaya zuwa biyu, kitsen jini da hawan jini sukan ɗan sauka ga wasu, amma nauyin yakan dawo cikin 'yan makonni bayan salla idan an koma tsohon ci. Akwai kuma saƙon da ke yawo a WhatsApp duk shekara cewa wani masani ya sami lambar yabo ta Nobel saboda ya gano azumi yana warkar da ciwon daji. Masanin ɗan ƙasar Japan ne, Yoshinori Ohsumi, ya kuma sami lambar a 2016 saboda ya bayyana yadda ƙwayar halitta take narkar da ɓangarorinta da suka lalace ta sake amfani da su, musamman idan abinci ya yanke mata, kuma gwaje-gwajensa a kan ƙwayoyin yis ya yi su. Wannan ilimi ne mai girma, amma bai ba mai ciwon daji ko wani ciwo izinin ajiye maganinsa ba, kuma yaɗa saƙon a haka yana iya salwantar da rai.

Shiri tun daga Sha'aban

Ciwon kan da ke addabar mutane a ranakun farko sau da yawa na rashin goro ne ko shayi ko kofi, domin dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafin, kuma jikin da ya saba da shi yakan yi bore idan an yanke masa rana ɗaya. Maganin haka shi ne a fara ragewa tun saura mako biyu: mai cin goro uku ya koma biyu, sannan ɗaya, mai shan shayin safe ya rage ƙarfinsa ko ya mayar da shi dare. Mai shan taba shi ma ya fara janyewa tun lokacin, ya kuma ɗauki watan a matsayin damar rabuwa da ita baki ɗaya, tunda wanda ya iya haƙurin awa 14 ya riga ya ga cewa yana da iko a kanta.

Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da ƙiba, ko ciwon sukari da hawan jini suke cikin danginsa, ya je a auna jininsa da sukarinsa kafin a ga wata. Hawan jini ba ya yin sallama, mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. Wanda kuma yake kan magani na dindindin, ya ga likitansa tun saura mako shida zuwa takwas, domin sauya lokacin shan magani yana buƙatar a gwada a gani. Azumin nafila na Sha'aban, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yawaitawa, yana taimakawa a nan, domin a cikinsa mutum zai gane yadda jikinsa yake ɗaukar yunwa da ƙishirwa tun kafin farilla ta zo.

Sahur

An umurce mu da yin sahur saboda albarkar da ke cikinsa, an kuma so a jinkirta shi. Zaidu ɗan Sabitu ya ƙiyasta tazarar da ke tsakanin sahur ɗinsu da salla da gwargwadon karanta aya hamsin. Wanda ya ci abinci ƙarfe sha ɗaya na dare ya kwanta da niyyar ɗore, ya ƙara wa kansa awa shida a kan azuminsa, kuma ajiyar hantarsa za ta yi ƙasa tun hantsi. Saboda haka a tashi, ko da nauyin barci ya yi yawa.

Abincin sahur da ya fi dacewa shi ne wanda yake narkewa a hankali, kuma a wannan fanni abincinmu na gargajiya ya fi na kanti nesa ba kusa ba. Ɗumamen tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake, faten wake, dambu da zogale, acca, fura da nono ko kindirmo marar sukari da yawa, duk suna sakin ƙarfinsu sannu a hankali saboda dusar hatsin da wake da ke cikinsu. A haɗa da abin gina jiki gwargwadon hali, ƙwai ɗaya ko biyu, ko awara, ko gyaɗa, ko ɗan kifi, domin su ne suke jinkirta jin yunwa. Farin burodi da shayi mai cokali huɗu na sukari, ko taliyar leda ita kaɗai, suna ɗaga sukarin jini da sauri su sake shi da sauri, sai mutum ya ji jikinsa ya saki tun kafin azahar. Ga wanda aljihunsa ya yi rauni, kuma a wannan zamani su ne mafi yawa, wake da gero da gyaɗa da ganye sun ishe shi, kuma bai rasa komai ba don bai sayi madarar gwangwani ba.

A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da yaji a abincin sahur, a bar kilishi da soyayyen abu sai wani lokaci, domin gishiri yana jawo ƙishirwa tun da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙule yawancinsa gishiri ne. Game da ruwa, kuskuren da aka fi yi shi ne a jira sai ladan ya kusa kiran salla a ɗaga leda uku a jere. Jiki ba ya riƙe ruwan da ya zo masa a lokaci guda da yawa haka. Ƙoda za ta fitar da mafi yawansa kafin rana ta ɗaga. Leda ɗaya ko ɗaya da rabi tare da abinci, ana kurɓa a hankali, ta fi amfani. Bayan an ci kuma kada a miƙe a kan gado nan take, a zauna har a yi sallar asuba, domin kwanciya da cikakken ciki ita ce take turo ruwan ciki mai tsami zuwa maƙogwaro.

Da rana

A tura aiki mai nauyi zuwa safiya ko bayan la'asar sakaliya, a nemi inuwa tsakanin sha biyu da ƙarfe huɗu. Birkiloli da leburori, 'yan ga-ruwa, 'yan dako, maƙera da masu gidan burodi su ne suka fi shiga haɗari, kuma mai ba su aiki yana da hakkin ya sauya musu lokaci, a fara da sanyin asuba a tashi kafin rana ta take. Haka nan matan da suke tsayawa a gaban murhu daga azahar har magariba suna suya a ɗakin girkin da iska ba ta ratsa shi. Su ma aikin zafi suke yi, ko da ba a lissafa su cikin masu aikin ƙarfi ba, kuma rage yawan kalolin abincin buɗa baki rahama ce a gare su.

Watsa ruwa a jiki, jiƙa rawani ko mayafi, da zama inda iska take kaɗawa duk suna rage zufar da za a zubar, kuma an ruwaito Manzon Allah yana zuba ruwa a kansa saboda zafi alhali yana azumi. Ƙailula ta rabin awa bayan azahar tana biyan wani abu daga bashin barci. Direbobi da masu babur su kiyaye sa'ar da ke gab da magariba, lokacin da sukari ya yi ƙasa, hankali ya rabu, kowa kuma yana sauri ya isa gida. A ajiye dabino da ruwa a mota a sha ruwa a hanya, ya fi a yi gudu. Warin baki kuwa daga ƙarancin yawu yake da kuma narkewar kitse, aswaki da goge harshe bayan sahur suna rage shi.

Buɗa baki

A nan ne aka fi yi wa jiki laifi. Sunna ita ce a buɗa baki da ɗanyen dabino, in babu da busasshe, in babu da kurɓin ruwa, kuma hikimar wannan a fili take: dabino ɗaya zuwa uku yana mayar da sukarin jini daidai cikin ɗan lokaci, sai zafin yunwa ya lafa, mutum ya iya cin abinci da hankalinsa. A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu, a tashi a yi sallar magariba, sannan a dawo. Wannan tazara ta minti goma ko sha biyar tana ba ciki damar farkawa, tana kuma hana cin da ido yake jagoranta.

Kunu abinci ne da ya dace da cikin da ya wuni babu komai, domin yana da ruwa da ɗumi da laushi. Kunun tsamiya yana taimaka wa mai fama da taurin bayan gida, kunun gyaɗa kuma yana da abin gina jiki. Matsalar tana cikin sukarin da ake zubawa da kuma abin da ke biyo baya: ƙosai, soyayyen dankali, soyayyar doya da ƙwai, da fanke, duk a faranti ɗaya, sannan a kora da lemun kwalba mai sanyi. Mai yana daɗewa a ciki kafin ya wuce, yana kuma sassauta ƙofar da ke tsakanin ciki da maƙogwaro, shi ya sa mutum yake tsayawa a sahun asham yana gyatsa mai tsami, ruku'u yana yi masa wuya. A zaɓi soyayyen abu guda ɗaya, kaɗan, ko a musanya ƙosai da alale, doya soyayya da dafaffiya. Kankana, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, da gwanda da lemu da kokwamba su samu wuri a farantin, haka ma kwaɗon zogale ko na rama.

Robar lemun kwalba mai rabin lita tana ɗauke da sukari fiye da giram 50, wato kusan ƙananan cokula 13, kuma wannan shi kaɗai ya cinye iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa baligi a yini guda. Zoɓo da kunun aya da lemun tsamiya na gida sun fi, idan an riƙe hannu wajen zuba sukari. Ruwan sanyi ba ya cutar da lafiyayyen mutum, sai dai a lura da asalin ƙanƙarar da ake saye a bakin titi, domin idan da gurɓataccen ruwa aka yi ta, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin taifot da kwalara, kuma gudawa ga mai azumi a bazara babbar musiba ce.

Abinci mai nauyi a bar shi sai bayan isha'i, a ci daidai, a tuna da ma'aunin da aka koya mana na kasa ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Ruwan dare kuma a tsara shi: baligi yana buƙatar lita biyu zuwa uku tsakanin magariba da asuba, wato ledar ruwa huɗu zuwa shida, mai aikin rana kuma fiye da haka. Ɗaya a buɗa baki, ɗaya bayan magariba, ɗaya a tafi da ita masallaci, ɗaya kafin barci, ɗaya ko biyu a sahur. Alamar cewa an biya bashi ita ce fitsarin dare ya koma fari-fari. Idan har asuba yana da duhu, ruwan bai isa ba. Wanda ya wuni yana zufa sosai yana iya haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙananan cokula shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in ba shi da hawan jini ko ciwon sukari.

Masu ciwo, masu ciki da tsofaffi

Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya da matafiyi izinin su sha su rama, kuma a nan ne Allah ya ce yana nufin sauƙi gare mu, ba ya nufin tsanani. Malaman mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan azumi wajibi ne a kansa. Ina jaddada wannan ne saboda a gidajenmu ana samun dattijuwar da take ɓoye jirinta don kada jikoki su gan ta tana ci, da magidancin da yake jin shan azumi zubar da girma ne. Ya kamata iyalai su riƙa faɗa wa irin waɗannan bayin Allah, da bakin girmamawa, cewa karɓar rangwame shi ma biyayya ce.

Ciwon sukari shi ne ya fi buƙatar tsari. Wani babban bincike mai suna EPIDIAR, da aka gudanar a ƙasashe 13 a Ramadan na 2001, ya gano cewa faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka sau bakwai da rabi ga masu nau'i na biyu na ciwon, ta kuma ninka kusan sau biyar ga masu nau'i na ɗaya. Mai nau'i na ɗaya, da wanda sukarinsa ya faɗi har ya suma a watannin baya, da wanda ciwon ya taɓa masa ƙoda, da mai ciki, shawarar likitoci ita ce kada su yi azumi. Wanda ciwonsa yake a daidaice kuma likita ya amince masa, dole a sake masa tsarin magani. Mai shan metformin sau uku, alal misali, akan mayar masa da kashi biyu cikin uku zuwa buɗa baki, kashi ɗaya zuwa sahur, shi kuwa glibenclamide, wanda ya yawaita a kemis-kemis ɗinmu, yana cikin magungunan da suka fi faɗar da sukari da rana, kuma sau da yawa likita yakan canza shi ko ya rage na sahur. Kada mutum ya yi wannan lissafi da kansa, musamman mai allurar insulin.

Ya riƙa gwada sukarinsa da hantsi, da azahar, da la'asar, da duk lokacin da ya ji wani iri. Huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ko sama da 300, wato 16.6, ya karya nan take ko da saura minti goma a sha ruwa. Haka kuma idan ya ji rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, duhun gani ko ruɗewa. Ya sha ruwa da ƙananan cokula uku ko huɗu na sukari, ko ya ci dabino, ya sake gwadawa bayan minti 15. Mutanen gida su san waɗannan alamu, domin wanda sukarinsa ya faɗi sosai yakan rasa hankalin da zai taimaki kansa; idan kuma ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Mai hawan jini da yake a daidaice yawanci yana iya azumi, a mayar da maganinsa na sau ɗaya a rana zuwa dare ko sahur, amma wanda yake shan maganin da ke sa yawan fitsari ya tambayi likita, domin shan sa da asuba yana ƙarar da ruwan jiki da rana. Kada a daina magani don an ga awo ya yi kyau a cikin azumi.

Gyambon ciki, wanda aka fi sani da olsa, ba yunwa ce take haddasa shi ba. Mafi yawansa daga wata ƙwayar cuta ce da ke zama a bangon ciki, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka sami lambar Nobel a 2005 saboda gano ta, sai kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda masu aikin ƙarfi suke sha kamar abinci. Azumi yana iya tayar da gyambon da yake nan, don haka mai shi ya nemi a gwada shi a kashe ƙwayar tun kafin Ramadan, ya sha maganin rage tsamin ciki irin omeprazole rabin awa kafin sahur idan an rubuta masa, ya kuma nisanci waɗancan magungunan. Aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta alama ce ta zubar jini a ciki, kuma wannan na asibiti ne a daren, ba sai gobe ba.

Najeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, kuma ƙarancin ruwa yana cikin manyan abubuwan da ke tayar musu da ciwo, saboda haka mafi yawansu azumin bazara ba nasu ba ne. Haka mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda. A yankuna irin su Gashuwa a Yobe da Haɗeja a Jigawa, inda aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, gwajin ƙoda kafin azumi ya kamata ya zama al'ada. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama, ko gudawa da amai, ya sha azumi ya kammala maganinsa a kan lokutansa. Maganin da aka ce a sha sau uku a rana ba a tattara shi a shanye tsakanin magariba da asuba, kuma masu farfaɗiya da tarin fuka da masu shan maganin ƙanjamau su tsara lokutansu da asibitin da ke duba su. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani ba ta karya azumi, saɓanin ƙarin ruwa da ke zama madadin abinci.

Mai ciki da mai shayarwa suna da izini idan sun ji tsoro ga kansu ko ga ɗan. Mai laulayi da amai, da mai ƙarancin jini, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda jininta yake hawa, su ajiye azumi. Wadda ta ɗauka kuma ta ji motsin ɗan ya ragu, ko jiri, ko ciwon mara, ta karya ta je awo. Mai shayar da jaririn da bai kai wata shida ba ta lura da yawan fitsarinsa da nauyinsa. A Malikiyya mai ciki ramuwa kawai take yi, mai shayarwa kuma ta rama ta ciyar da mudu ɗaya na Annabi a kan kowace rana. Tsofaffi kuwa jin ƙishirwarsu yakan yi rauni, don haka a riƙa miƙa musu ruwa da dare ba sai sun nema ba. Yaran da ba su balaga ba a bar su a kan rabin yini, kada a mayar da abin gasa tsakaninsu.

Ko lafiyayye ne, idan ya fara magana ba kan gado, ko ya faɗi, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya ji ciwon ƙirji, azumin wannan rana ya ƙare. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan idan yana cikin hayyacinsa, a kuma nemi asibiti.

Bayan an ga watan Shawwal

Cikin da ya yi wata guda bai karɓi abinci da rana ba yana buƙatar kwana biyu ko uku kafin ya koma yadda yake, don haka a fara safiyar salla da abu mai sauƙi, a kuma ɗan ci kaɗan a kowane gidan da aka shiga yawon salla maimakon a cika faranti a ko'ina. Masu ciwon sukari da hawan jini su koma kan tsohon tsarin maganinsu tun ranar salla kamar yadda likita ya tsara, domin adadin da aka rage saboda azumi ba zai riƙe tuwon salla da cincin da lemu ba. Wanda ya fita daga watan a galabaice ya huta 'yan kwanaki kafin ya ɗauki Sitta Shawwal, tunda watan gaba ɗaya lokacinsu ne kuma ba sharaɗi ba ne a jera su. Mai ramuwa saboda ciwo kuma yana da har zuwa Sha'aban mai zuwa, yana iya jiran sanyin hunturu, lokacin da yini ya fi gajarta kuma ƙishirwa ta fi sauƙi, ya rama bayan likita ya tabbatar masa jikinsa ya warware.